An kwashe mani kuɗin aya a kirifto, zaure kuma ya kama musu kan kalmar "sata"

Sani Mai Aya, Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya ban runtsa ba. An yi mani sata, jaka ɗari huɗu da hamsin, kuɗin ayar da na saida bana gaba ɗaya, har da na ƙanena da ke Cadawa. Wata biyu da suka wuce wata baƙuwar lamba ta turo saƙo wai "Alhaji, kaya sun iso?" Na ce kuskuren lamba ne. Ta ba ni haƙuri, muka ci gaba da gaisawa. Ta ce 'yar kasuwa ce a Dubai, kawunta ke koya mata harkar kirifto, wato kuɗin intanet. Sati uku ba ta ce in sa ko dala ba. Daga baya ta sa ni cikin wani zaure inda kullum ake turo hotunan riba, ta aiko mani da wata manhaja na sauke. Na sa jaka ashirin, kwana biyar ta zama ashirin da bakwai, na cire, kuɗi suka shigo hannuna. Sai na zuba sauran. Yanzu a fuskar waya an rubuta sun haura miliyan, amma da na zo cirewa sai aka ce in biya haraji jaka casa'in tukuna. Na ce a zare daga ciki, aka ce ba a yin haka. Yau da safe aka fidda ni daga zauren. Kirifto sata ce, duk mai yin ta ɓarawo ne. Wanda zai ji haushi ya ji.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya maida alheri, ɗana. Kar ka ƙara tura ko sisi, harajin nan ma tarko ne.

Bashir USDT: Allah ya mayar, Yaya Sani. Amma ka gyara magana. Ba sata aka yi maka ba. Sata ita ce a haura katanga ko a sa maka hannu a aljihu. Kai da ƙafarka ka je ka sayi kuɗin, da yatsanka ka danna ka tura. Sunanta damfara. Kuma "duk mai yin ta ɓarawo ne", har da ni ke nan?

Mushe Ila: Bashir, mutum na kuka kai kana gyara mishi Hausa. Damfara ai sata ce da ta sa babbar riga.

Bashir USDT: Mushe, kai malamin lakkwal ne, kai ya kamata ka fi kowa tsayawa kan kalma. In ka je kwamisariya ka ce sata, za a tambaye ka wace ƙofa aka fasa.

Malam Nura, Mokoyo: A fiƙihu an bambanta su. Sata ita ce ɗaukar dukiyar wani a ɓoye daga ma'ajiyarta. Abin da aka karɓa da yaudara hukuncinsa daban, babu haddin yanke hannu a kai. Amma duka biyun cin dukiyar mutane ne da zalunci.

Bashir USDT: Kun ji dai. Malam ya goyi bayana.

Malam Nura, Mokoyo: Ban goyi bayanka ba. Ka karanta ƙarshen maganata.

Habu Kabu-kabu: To in ba sata ba ce kuɗin suna ina? Wanda aka sace ma babur da wanda aka yaudara ya miƙa makulli, duk a ƙasa za su koma gida.

Aisha 'yar jami'a: Don Allah ku ɗan saurare ni. Abin da ya samu Yaya Sani tsari ne sananne, kusan kullum haka yake tafiya. Saƙon kuskuren lamba da gangan ake turo shi ga dubban mutane. Jaka bakwai ɗin da ya ci a farko tsaba ce aka watsa mishi. Lambobin da yake gani a manhajar su ke rubuta su da hannunsu, babu wani ciniki da ake yi, kuɗin sun tafi tun ranar da ya tura. Kuma kirifto in ka tura ba a maido shi, babu banki a tsakani da za ka je ka roƙa. Mai yiwuwa ma hoton ba nata ba ne, an sha gano manyan gidaje a Miyamma da Kambodiya inda ake tsare mutane ana tilasta musu wannan hira. A Sin ana kiran wannan salo yankan alade, wato a kiwata shi ya yi ƙiba sannan a yanka.

Habu Kabu-kabu: Subhanallahi. Aisha, yayan naki kike kira alade?

Aisha 'yar jami'a: Ni ban kira shi ba, sunan da masu damfarar suka sa wa aikinsu na faɗa.

Hajiya Mai Atamfa: Ko ma wa ya sa, ɗiyata, ba a kawo wannan suna kusa da babba. Ki goge.

Mushe Ila: Yarinya ta kawo ilimi kun kama kalma ɗaya. Bashir, mu dawo kanka. Ba kai ne shekara uku kana cika mana kunne da kirifton nan Pi ba, wai ƙwaya ɗaya za ta kai dalar Amurka 314,159? An buɗe kasuwarsa a Fabrairun 2025, bai wuce dalar Amurka uku ba, ya gangaro ƙasa da ɗaya. Ina gidan sama da ka ce za ka gina a Ali Ɗan Sofo?

Bashir USDT: Wa na karɓi kuɗinsa a kan Pi? Danna waya ne kyauta. Kuma Bitcoin tun 2009 yake, ƙasar Salbado ta mai da shi kuɗin ƙasa a 2021, Afirka ta Tsakiya ta bi a 2022. Su ma ɓarayi ne?

Mushe Ila: Afirka ta Tsakiya shekara guda ta yi ta janye, wannan ba ka faɗa ba. Sefa ko ba ka son ta, akwai babban bankinmu BCEAO a bayanta. Naka wa ke bayansa?

Bashir USDT: Mai cin albashi ba zai gane kasuwa ba.

Mushe Ila: Mai cin albashin ne ya ranta maka jaka goma sha biyar tun kafin layya.

Bashir USDT: Wannan maganar ba ta zaure ba ce, Mushe. Ka kira ni.

Lawali Dakoro: Ni dai na ce duk bala'in nan daga tsallaken Ɗan Isa, wato Najeriya, yake shigo mana. MMM a 2016, CBEX a Afrilun 2025, masu alkawarin ninka ma mutane kuɗi, duk can suka fashe. Da can Alhazan Maradi da gyaɗa da fata suka yi arziki, ba da danna waya ba.

Kabiru Jibiya: Haba Lawali, ka ji tsoron Allah. MMM ɗan Rasha ne ya ƙirƙiro ta, Sergei Mavrodi. Mu cinye mu aka yi, ba mu muka ci ba. Damfarar kirifton OneCoin kuma ta wata 'yar Bulgeriya ce, Ruja Ignatova, tun 2017 ta ɓace, har Amurka na neman ta. Ita ma Bakatsiniya ce? Sani da bakinsa ya ce Dubai.

Lawali Dakoro: Dubai a baki. Ka ga lambar?

Kabiru Jibiya: Kai ka gani? Kullum kuna Jibiya kuna saro kaya, in abu ya ɓaci sai ku ce mu ne.

Malam Nura, Mokoyo: Ku bar wannan, Katsina da Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya ne. Abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne, me ya kai magidanci hirar sati uku da matar da ba muharramarsa ba?

Sani Mai Aya, Zariya: Malam, wallahi gaisuwa ce da zancen kasuwa. Ku ji da abin da ya dame ni mana.

Alhaji Ɗan Tasawa, shugaban zaure: Ya isa haka, saƙo ya fi ɗari. Na karanta duka, ga abin da aka tsaya a kai. Na ɗaya, jama'a sun yarda ba sata ba ce, har Malam ya kawo hujja. Na biyu, kirifto ba ta da laifi, ni kaina da USDT, kirifton da ke bin farashin dalar Amurka, nake biyan masu kayana a Sin shekara biyu ke nan, ko dala ban rasa ba, don wanda nake hulɗa da shi na san shagonsa na san gidan ubansa. Kwaɗayi ne ke kai mutum ga baƙo. Sani ya janye kalmar ɓarawo, ya ba Bashir haƙuri. Mushe kuma ya daina kawo zancen bashi nan. An rufe.

Habu Kabu-kabu: Alhaji, su wa suka yarda? Ni ban yarda ba, Mushe bai yarda ba.

Sani Mai Aya, Zariya: Ba zan janye ba sai kuɗina sun dawo. Yanzu ma wani ya turo mani saƙo ta gefe, ya ce shi ƙwararre ne, aikinsa ƙwato irin wannan kuɗi. Jaka talatin kawai zan ba shi, da kalmomi goma sha biyun nan na asusuna. In tura?

Aisha 'yar jami'a: Kar ka tura, Yaya! Su ne dai suka sake zagayowa, ko wani ya sayi lambarka a hannunsu. Kalmomi goma sha biyun nan su ne makullin asusun, duk wanda ya same su ya kwashe abin da ya rage. Kar ka goge hirar. Ka ɗauki hoton komai, da lambarta, da adireshin da ka tura kuɗin, da takardar shagon da ka saya, ka kai ma 'yan sanda. Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019. Ban ce kuɗin za su dawo ba, amma a rubuta ƙarar, kuma ka gaya ma ƙanenka yau kafin ya ji a bakin wani.

Habu Kabu-kabu: Yaya Sani, ƙarfe takwas zan zo ƙofar gidanka in kai ka kwamisariya. Ka caza wayar ta cika.