Waya za mu saya wa yara, ko malamai za mu horar?

Daga zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban firamaren ƙauyenmu, ƙaramar hukumar Wudil, daren Laraba bayan isha'i.

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum. Kuɗin gudummawar da muka tara, shawarata a sayi wayoyi, a saka wa yara ƙirƙirarriyar basira. Bankin Duniya ya gwada a jihar Edo a 2024. 'Yan aji ɗaya na babbar sakandare a birnin Benin suka yi mako shida suna koyon Turanci da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta GPT-4 bayan an tashi, aka ce ci gaban da suka samu ya kusa kai na shekara biyu. Ni dai na faɗa, na'urar nan ta fi malamin da ba ya shiga aji.

Baba Hedimasta: Wa alaikumus salam. Bashir ɗana, ka ji abin da ka faɗa da bakinka? 'Yan sakandare, a cikin birni. Waɗannan sun riga sun iya karatu. Mu nan ɗan aji huɗu ka rubuta masa "ba" da "ki", ka ce ya haɗa, sai ya kalli rufin aji. Me zai rubuta wa na'urar?

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara girma Baba, ai yanzu ba sai an rubuta ba. Magana ake yi mata ta amsa.

Sani Mai Caji: Da wace Hausar, Yaya? Jiya na ce wa wata manhaja ta ba ni karin magana a kan haƙuri, ta ƙaga min wadda ko kakata ba ta taɓa ji ba. Kuma ni ne mai cajin wayoyin garin nan. Sabis sai ka je bakin rijiyar makaranta ka ɗaga hannu sama.

Malama Hauwa: Yaya Bashir, ka bar rabin labarin Edo a hanya. Ba miƙa wa yara na'ura aka yi aka tafi ba, malamai ne tsaye a kansu suna nuna musu abin da za su tambaya. Kuma tun da gwaji ake magana, an yi wani a nan ƙofar gida. A 2019 aka fara shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi a Wudil da Dawakin Tofa, hukumar ilimin firamare ta jiha wato SUBEB da British Council suka haɗa hannu, dabarar kuwa ta ƙungiyar Pratham ce ta Indiya. Yaran aji huɗu zuwa shida za ka gwada ɗaya bayan ɗaya: wannan a harafi ya tsaya, wancan yana karanta kalma, wani ya kai labari. Sai ka raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a zauna a ƙasa a yi da'ira, a fara da Hausa. Lissafi da tsinke ake yi, goma-goma a ɗaure. Ina da yarinya 'yar aji shida da shekara da shekaru tana kwafar allo tsaf, rubutu kamar na ɗab'i, ashe ba ta san abin da take kwafa ba. Sai ranar gwajin na gane. Kunya ta kama ni, ba ita ba.

Kawu Liman: Ni tsorona ɗaya. Wayar da aka saya don karatu, da la'asar TikTok za ta koma.

Injiniya Bashir: To Malama, kenan a yi watsi da ita? Duniya na tafiya mu muna ƙirga tsinke?

Malama Hauwa: Wa ya ce? Ni kaina ina amfani da ita. Nakan ce ta rubuta min gajeren labari da kalmomi masu gaɓa biyu, ko tambayoyin lissafi ashirin na masu rauni. Aikin awa guda ya dawo minti goma. Amma sai na bi na gyara, don sai ta rubuta "kasa" inda "ƙasa" ake nufi. A hannun malami nake son ta, ba a hannun yaron da bai san bambancin ba.

Injiniya Bashir: Wannan kuma wata magana ce. Amma malamin da ba ya zuwa fa? Har yanzu ba wanda ya amsa min.

Baba Hedimasta: Ba a amsa ba, gaskiyarka. Wannan aikin kwamitin makaranta ne da sakataren ilimi, kuma mun yi sake. Ga abin da za a yi. Ranar Asabar da hantsi ka zo da wayarka, ni zan kawo yara goma daga aji huɗu, Hauwa ta gwada su a gabanmu. Kuɗin kada ma'aji ya taɓa su tukuna.

Sani Mai Caji: Yaya ka kawo ta tun Juma'a da dare in cika maka ita. Ba bashi.