Muhawara: A Haɗe Ɗakunan Karatun Jami'a Wuri Guda Ko A Bar Su A Warwatse?

Ma'aikaciyar laburare: Ra'ayina shi ne jami'o'inmu su tattara ƙananan ɗakunan karatu na sassa da tsangayoyi su mayar da su ƙarƙashin babban laburare. Kuɗin da TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, ke warewa don bunƙasa ɗakunan karatu ba ya isa, kuma idan sassa uku suka sayi littafi iri ɗaya alhali akwai wanda babu shi a jami'ar gaba ɗaya, to an yi asara. Yawancin ƙananan ɗakunan nan ba su da ƙwararren ma'aikaci, ana kulle su da ƙarfe huɗu, kuma abin da ke cikinsu ba ya cikin katalog, wato jerin littattafan da jami'a ta mallaka.

Malamin shari'a: Hajiya, wannan magana tana da daɗin ji, amma ki dubi Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana Samaru, Tsangayar Shari'a tana Kongo inda ɗakin karatu na Shugaba Kennedy yake, asibitin koyarwa kuma yana Shika. Ɗalibin shari'a yana buƙatar rahotannin hukunce-hukuncen kotu kusa da shi kullum, kuma masu tantance kwas daga hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) da Majalisar Ilimin Shari'a sukan duba ɗakin karatun tsangayar. Idan aka kwashe littattafan, wa zai biya wa ɗalibi kuɗin mota?

Ma'aikaciyar laburare: Malam, ban ce a kwashe Kongo a kai Samaru ba. Harabar da ke nesa dole ta riƙe reshenta. Abin da nake nufi shi ne ɗakunan da ke cikin haraba ɗaya, sannan dukkan rassa su kasance da shugabanci ɗaya, da kasafi ɗaya, da katalog ɗaya a kan manhajar laburare irin Koha, ta yadda mai bincike zai san inda kowane littafi yake kafin ya taso.

Ɗalibar digiri na biyu: Ina tare da Hajiya a kan katalog, domin kundayen digiri da yawa suna kwance a ofisoshin sassa ba wanda ya san da su, har ɗalibai suna maimaita binciken da aka riga aka yi. Sai dai wurin zama ma abin dubawa ne. Lokacin jarabawa babban laburare cika yake yi, kuma ƙaramin ɗakin sashe shi ne mafakar da yawa daga cikinmu.

Malamin tarihi: Akwai abin da ban yarda a taɓa ba ko da sunan tsari. Takardun cibiyar adana tarihi ta Arewa House a Kaduna da rubuce-rubucen Larabci da na ajami suna buƙatar masu kula da suka san su, kuma wasu iyalai sun ba da su amana ne ga wuri takamaimai.

Malamin shari'a: Hajiya, ragowar damuwata ita ce kasafi ɗaya. Idan kuɗi ya koma hannu guda, wa zai tabbatar cewa ƙaramar tsangaya za ta samu rabonta?

Ma'aikaciyar laburare: Kwamitin laburare na majalisar malaman jami'a, Malam, muddin kowace tsangaya tana da wakili a cikinsa kuma ana rubuta kason kowa a fili kafin a fara saye.

Malamin shari'a: To, a fara rubuta kason a ƙa'idar jami'a, sannan mu tattauna batun miƙa makullai.