Sauke sautin jitar bas daga E zuwa D sau biyu a mako, wuyan zai jure?

Sani_Agege: Salamu alaikum 'yan uwa. Bas ɗina mai tsirkiya huɗu ne, saitin E-A-D-G. Mawaƙin da muke bi gidajen biki yana so in sauke duka huɗun zuwa D-G-C-F saboda muryarsa, ranar Lahadi kuma in mayar don wani wasan. Wuyan zai jure? Ko sai na riƙa murɗa ƙarfen da ke cikin wuyan kowane lokaci? Ba ni da kuɗin na biyu.

Ɗan Obalende: Wa alaikumus salam. Ka je kasuwar Alaba ka sayi mai tsirkiya biyar ka huta.

Kawu Yakubu: Sani, kada ka taɓa ƙarfen tukuna. In ka sassauta tsirkiyoyi jan da suke wa wuyan ya ragu, sai ƙarfen ya rinjaye su, wuyan ya ɗan koma baya, ka fara jin zizar tsirkiya a kan firet na farko-farko, wato ƙananan ƙarafan nan da ke jere a kan wuyan. Danna firet na ɗaya da na ƙarshe tare, ka duba tsakiya. In katin waya zai shiga tsakanin tsirkiya da firet, ƙyale shi. In ta kwanta, sassauta ƙarfen cikin wuyan da alanki, wato ɗan makullin da ake murɗa shi da shi, rubu'in zagaye kawai, ka bar shi ya kwana.

Bitrus_IdiAraba: Kawu, kalmar alanki ma ba na son ji. Hunturun bara katako ya bushe, nawa ya fara ziza, na kai wa wani mai gyara. A gabana ya murɗa, ya ƙara murɗawa, ina cewa ya isa yana cewa ya san aikinsa, sai ji muka yi ƙas! Ƙarfen ya karye a ciki. Shekara takwas ina kaɗa bas ɗin nan a coci, da kuɗin dako na tara na saye shi. Ko haƙuri bai ba ni ba, har ya nemi dubu biyar na aiki. Yanzu aro nake.

Hauwa M.: Wayyo, Allah ya mayar da alheri. Amma dubu biyar? Ƙanena dubu goma sha biyar ya biya a Yaba.

Ɗan Obalende: An cuce shi, dubu uku ne.

Bitrus_IdiAraba: Na dubu ukun ne ke karya wuya.

Garba Mai Piyano: Ni ban yarda da kwanan da Kawu ya ce ba, nan take wuya ke motsawa.

Kawu Yakubu: Garba, kai da maɓalli kake dannawa, yaushe ka taɓa riƙe alanki?

Ɗan Obalende: Sani, a murɗa wuyan mawaƙin mana, shi ne ya kasa kai E 😂

Hauwa M.: Ni abin da ke ci mini rai yadda kuke ɗaukar kayan nan. A tura bas ƙarƙashin kujerar motar danfo, a ɗora buhun albasa daga kasuwar Mile 12, sannan a ce laifin saiti ne.

Garba Mai Piyano: To da me za mu hau tasi, Hajiya? Bikin da muka yi wata biyu da suka wuce har yau uban ango bai cika mana kuɗi ba, wayarmu ma ya daina ɗauka.

Sani_Agege: Allah ya fito muku da haƙƙinku. Kawu, to in na sa tsirkiyoyi masu kauri fa, ranar Lahadi da na koma E ba za su ja wuyan da yawa ba?