Kwana bakwai a Zanzibar ni da uwargida: ta ina za mu fara?

Tsohon malamin labarin ƙasa, Ƙofar Sauri

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya taɓa taka Zanzibar da ƙafarsa.

Shekara 31 na yi ina koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandare na jihar Katsina kafin in ajiye alli. Duk shekara sai na zana wa yara duniya da wata a allo, in ce ga yadda wata ke jan teku ya ciko, ya sake shi ya janye, sau biyu a kwana. Su rubuta, su ci jarrabawa. Ni kuwa ban taɓa tsayawa a bakin teku ba. Sau ɗaya na hango shi ta tagar jirgi, muna sauka Jidda shekarar da na sauke farali. Babban ruwan da idona ya sani shi ne na Jibiya da na Zobe. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai, domin na koyar da yara fiye da yadda zan iya ƙirgawa abin da ban shaida ba.

Yanzu babban ɗana, Allah ya yi masa albarka, ya ce zai biya mana kwana bakwai ni da mahaifiyarsa, kuma Zanzibar ya zaɓa saboda ƙasar Musulmi ce. Sai dai hotunan da yake nuna mini duk na otal ne da farin yashi da Turawa a kwance. Ni ba kwanciya za ta kai ni ba. So nake in ga daji, in ga gari, in ga gona, in ga tekun yana aikinsa. Uwargida kuma tana fama da gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya, ta kuma ce in dai wurin tsiraici ne a bar ta a ɗakinta. Wane wata ya fi dacewa, a ina za mu sauka, me ya cancanci wahalar dattijai biyu? Allah ya saka da alheri.

Tsohon ɗalibi, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina kyautata zaton na zauna a ajinka, domin zanen nan na wata har yau yana idona. Na yi kwana tara a can bara, aiki ya kai ni, na saci kwana huɗu na yi yawo.

Tsibirin da ake cewa Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya, sunansa Unguja, tsawonsa wajen kilomita 85, kusan kamar daga Katsina zuwa Daura. Don haka babu inda ya yi nisa. Amma Malam, in janyewar teku kake son gani, gabas za ku kwana, Paje ko Jambiani. A arewa, wajen Nungwi, ruwan ba ya ja da baya sosai, shi ya sa masu wanka suka cika can, kuma can ne Hajiya za ta ga abin da ba ta so.

A Jambiani na tashi da asuba ruwa na dukan katangar masaukina. Na yi salla, na sha shayi, na ɗan kishingiɗa. Da hantsi na fito, wallahi Malam babu teku. Ya tafi. Fili ne fari fat mai danshi, ka yi tafiyar kusan kilomita kafin ka riski ruwa, kwale-kwale duk sun zauna a kan yashi sun karkace kamar jakuna sun gaji. Can nesa kana hango farin layi inda igiyar ruwa ke fashewa a kan murjani. Bayan azahar sai ya fara dawowa, ba da hayaniya ba, yana cika ƙananan ramuka ɗaya bayan ɗaya, kafin la'asar sakaliya ya dawo gindin katanga. Kowace rana abin yana jinkirta da kamar minti 50, daidai yadda ka faɗa mana. Kuma ya fi ƙarfi a farkon wata da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida. Saboda haka da kalandar Musulunci za ka tsara tafiyar, ba ta bango kawai ba. In ka je a bakwai ko ashirin da ɗaya ga wata, za ka gani, amma kaɗan.

A kan hanyar Paje ɗin ne dajin Jozani yake, kilomita 35 ko kusa da haka daga babban garin Zanzibar. Shi kaɗai ne gandun dajin ƙasa a Zanzibar, a 2004 aka ba shi wannan matsayi, faɗinsa kamar murabba'in kilomita 50. Kada ka sa ran zaki ko giwa, babu su. Abin da ke kai mutane shi ne jan biri da babu irinsa ko'ina a duniya sai a Zanzibar. Bayansa ja, gabansa fari, gashin kansa a tsaitsaye kamar tsohon da ya tashi daga barci, kuma yatsu huɗu gare shi a hannu, babu babban yatsa. Mutanen wurin suna ce masa kima punju, wato biri mai guba. Ɗanyen ganye yake ci, har da na mangwaro, sa'an nan ya nemi gawayi ya ci don ya kashe dafin ganyen. Na ga ɗaya zaune a ƙasa yana gurgurar gawayi, na tuna kakata da take ba mu gawayi in ciki ya ɓaci. Ba sa gudun mutum, suna nan a bakin hanya, Hajiya za ta gan su ba tare da ta shiga ciki ba.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙetaren titi, inda aka yi gada ta katako a cikin itatuwan ruwan gishiri, waɗanda suke kira mikoko. Saiwarsu a waje take, ta yi tsaye kamar ƙafafu a cikin baƙin taɓo, ƙananan ƙaguwa na shiga rami suna fita. In ruwa ya ciko sai saiwar ta nutse gaba ɗaya. Gadar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa.

Batun lokaci: ku guji Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwan samansu ne. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa. Na san ya faɗo cikin daminarmu, kuma na san Malam da gona.

Hajiya mai atamfa, Daura

Malam, a gaida Hajiya, a ce mata ta kwantar da hankalinta. Na je da ƙanwata. Matan garin sun fi mu rufe jiki ma, baƙar abaya suke sawa da suke kira buibui, na ƙauye kuma zane biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a ka. Tsiraicin na baƙi ne, a gaban manyan otal. Ku nemi ƙaramin masauki a cikin ƙauye, za ku ji kiran salla biyar.

Kada ku wuce gabas kai tsaye. Ku ba tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, kwana biyu. Da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina shi, lungunan ƙanana ne mota ba ta shiga, kuma a ƙofar gidaje akwai dakali, su baraza suke ce masa. Wannan dakalin shi ya cece ni, don ni ma ƙafa ta fara ba ni matsala. Ki yi taku hamsin ki zauna, ba mai ce miki don me. Ƙofofin gidajen kuwa, katako ne mai sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayar Alƙur'ani a sama. Na tsaya gaban wata har ƙanwata ta gaji da ni.

Akwai wurin da ban so shiga ba amma na gode Allah da na shiga: tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, aka gina coci a kanta. Ana sauka da mutum wasu ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ƙasa-ƙasa, iska sai ta 'yar kafa. Matakalar gajera ce amma Hajiya ta tsaya a sama in gwiwa ta hana. Ni da na fito ban iya cin abincin rana ba.

In kun isa gabas, lokacin da Malam ke kallon tekunsa, ita ta kalli mata. Da ruwa ya janye za ka gan su sun fito da igiyoyi da turaku, suna zaune a ruwa iya gwiwa suna ɗaure ciyawar teku, mwani. Noma ne sosai, sai dai babu fartanya. Bayan mako shida ko makamancin haka su cire, su shanya, a saya a fita da ita waje, wasu su yi sabulu. Wata ta nuna mini hannunta, gishiri ya cinye shi kamar na mai wankau. Ba mu jin yaren juna amma mun fahimci juna, don kalmominsu da yawa namu ne: sabuni, dunia, alhamisi, asubuhi.

Abinci ba matsala. Shinkafa da kifi da miyar kwakwa, ga gurasa irin tasu. Sai dai ku tafi da yajinku, abincinsu ƙamshi ne da shi, ba zafi. Abu ɗaya kuma, ku kula da agogonsu. Daga fitowar rana suke fara ƙirga, in direba ya ce saa moja, ƙarfe ɗaya ke nan a bakinsa, bakwai na safe yake nufi. Ku sa ya nuna muku a waya.

Mai kayan ƙamshi, Babbar Kasuwa

Ranka ya daɗe Malam, ni ban yarda da tsarin nan duka ba. Mutum ya ce ƙasa yake son gani, ku kuna tsare shi a Unguja, wadda shimfiɗe take kamar faifai. Pemba, ɗaya tsibirin da ke arewa da Unguja, ita ce ƙasa. Larabawa tsibiri kore suka kira ta, tudu da kwari ce, ko'ina itacen kanumfari. Shekara ashirin ina auna kanumfari a gwangwani ban san tohon fure ba ne sai da na je. Ana tsinke shi da hannu kafin ya buɗe, a shanya a tabarma a bakin titi, ya tashi daga kore ya koma ja ya koma baƙi, garin duk ya ɗauki ƙamshi. Tun zamanin Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya mai da fadarsa Zanzibar a ƙarni na 19, arzikin wurin a kan wannan itace ya tsaya, kuma bayi ne suka noma shi. Malami ya kamata ya ga wannan. A arewacin tsibirin akwai dajin Ngezi, ga kuma jemage mai jan ƙirji wanda in ya buɗe fiffike ya fi mita ɗaya da rabi. Baƙi kaɗan ne, ba mai binka da talla. Jirgin sama rabin awa ne.

Tsohon ɗalibi, Ƙofar Ƙaura

Alhaji gaskiyarka kan kyan Pemba, amma kwana bakwai ne, da dattijuwa mai ciwon gwiwa, kuma ƙaramin jirgi ne mai hawa da sunkuyo. Na ruwa kuma hanyar tana da igiya mai ƙarfi, a nan ne jirgi ya nutse a 2011 aka yi asarar rayuka masu yawa. Kanumfari, kirfa, masoro da gyaɗar ƙamshi duk Malam zai gan su a tsaye a gonakin Kizimbani, kusa da gari.

Malam, na manta abu biyu. A ƙarshen kudu akwai masallacin Kizimkazi. An sake gina yawancinsa daga baya, amma rubutun Larabci irin na Kufi da ke jikin mihrabi yana ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107. Ya girmi Gobarau. Ƙarami ne ƙwarai, ka yi nafila a ciki. Yawancinsu Shafi'awa ne, za ka ji alƙunutun asuba a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a sama, kada abin ya ba ka mamaki. Na biyu, takardu: mai fasfon Najeriya ya nemi bizar Tanzaniya tun daga gida, da wuri, don tana ɗaukar lokaci. Ku riƙe katin rigakafin shawara, sa'an nan a Oktoban 2024 an sa wa baƙi inshorar dole ta dala 44. Ni ta Kano na tashi, muka sauya jirgi a Adis Ababa.

Tsohon malamin labarin ƙasa, Ƙofar Sauri

Allah ya yi muku albarka gaba ɗaya. Na karanta wa uwargida amsar Hajiya har sau biyu, batun dakali da matan nan masu noma a ruwa shi ya sauko da ita. Yanzu ita ke tambayata ko akwai atamfar da gishiri ba ya ci.

Alhaji, maganar Pemba ta shiga raina, ban kuma ji daɗin barinta ba. Amma ba zan ja baiwar Allah nan cikin ƙaramin jirgi ba. In da rai da rabo, wata shekara.

Ga abin da na rubuta a takarda: kwana biyu a tsohon gari, rana ɗaya a gonakin ƙamshi, mu bi ta Jozani da safe mu sauka Jambiani kwana huɗu, daga can mu je Kizimkazi mu dawo. Zan bari a yanke gero a ɗaure tukuna, sa'an nan in duba wata, mu isa gabas ranar sha uku.

Ɗalibina, tambaya ɗaya ta rage. Ina so in kafa sanda a bakin ruwa da asuba, in riƙa aunawa duk awa ina rubutawa har magariba, in kawo wa malamin da ya gaje ni a aji. Sandar za ta tsaya a yashin nan, ko sai na nemi turke irin na matan?