Kamfas ko ido: me ke mayar da mai nutso jirginsa?

Ɗalibi daga Alƙahira: Assalamu alaikum. Kawu, na ga abin da ka rubuta jiya, cewa wanda ya iya ruwa da gaske ba ya buƙatar kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, kafin ya koma jirgin da ya sauke shi, kuma ka yi mini afuwa, ban gamsu ba. A Hurgada, bakin Bahar Maliya, inda nake koyon nutso da tukunyar iska, an koya mana mu ɗauki alƙibla tun muna riƙe da igiyar anga. Wanda ya fita a kan digiri 60 zai dawo a kan 240, yana ƙirga bugun ƙafarsa domin ya san nisan da ya yi.

Kawu: Wa alaikumus salam, ɗana. Ina nan kan bakana. A bakin Rima na tashi, kuma na ga masunta suna nutsewa cikin ruwan da mutum ba ya ganin tafin hannunsa, su ɓullo dab da kwalekwalensu. Je ka Argungu ranar bikin kamun kifi, ka nuna mini wanda ya ɗaura kamfas a hannu.

Tsohon sojan ruwa: Alhaji, ranka ya daɗe, gwanintar masuntanmu ba abin musu ba ce, amma aikin ba ɗaya ba ne. Masunci numfashinsa yake riƙewa, saboda haka ba ya nisa, ga shi kogi yana da gaɓa biyu kuma ruwansa waje ɗaya yake gangarawa. Mai tukunya kuwa yana iya yin minti 40 a zurfin mita 18, a wurin da gabas da yamma duk shuɗi ne. Sai dai kai ma, ɗana, kada ka ba kamfas amanar da ta fi ƙarfinsa. Yana nuna maka inda ka fuskanta, amma ba ya gaya maka yadda ruwa ya ja ka gefe, don haka kana iya bin digiri 240 daidai ka wuce jirgin ba ka gan shi ba. Shi ya sa ake fara tafiya ana fuskantar jan ruwa, a dawo yana tura mutum lokacin da gajiya ta zo. Kusa da ƙarfe kuma allurar tana rikicewa, kamar a jikin Thistlegorm, jirgin Ingila da aka nutsar a Bahar Maliya a 1941.

Kawu: To, ashe maganata ka ƙarfafa. Kuma ai mutum yana da kunne, zai ji ƙarar injin ya nufe ta.

Malamar kimiyya: Kawu, a nan ne kunne yake yaudara. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, alhali a iska kusan 340 ne, saboda haka yana isa kunnuwan biyu kusan lokaci ɗaya, mai nutso ya ji injin sarai amma ya kasa sanin ta ina yake. GPS ma ba ya aiki a ƙasa, domin saƙon tauraron ɗan adam ba ya ratsa ruwa.

Tsohon sojan ruwa: Inda Alhaji yake da gaskiya shi ne lura. Ni da na sauka nakan duba zurfin da anga take, in waiwaya in ga yadda wurin zai kasance a idona idan ina dawowa. Idan duwatsun murjani suna kafaɗata ta hagu a tafiya, dole su koma ta dama a dawowa, kuma layukan da ruwa ke zanawa a yashi galibi suna bin tsawon gaɓa ne.

Ɗalibi daga Alƙahira: Yallaɓai, idan duk wannan ya ƙwace wa mutum fa?

Tsohon sojan ruwa: Kada ya ƙarar da iskarsa wajen nema. Shi da abokin nutsonsa su hau a hankali, su tsaya minti 3 a mita 5, domin gaggawar hawa tana sa iskar nitrojin ta yi kumfa a jini. Sannan su hura doguwar balan-balan mai launin lemo, su busa usur, jirgi ya zo ya same su.

Malamar kimiyya: Wannan kuwa sai idan jirgin yana nan. A 1998 wani jirgi ya baro Tom da Eileen Lonergan, mata da miji 'yan Amurka, a tekun Ostireliya saboda kuskuren ƙirga mutane, kuma ba a same su ba. Ka tabbata, ƙanena, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗaga anga.

Kawu: Allah ya kiyaye. Ka ɗaura kamfas ɗinka, ɗana, ban hana ka ba, amma har yanzu ina ganin wanda bai iya karanta ruwa da idonsa ba bai kamata a sauke shi a teku ba. Idan ka zo hutu zan kai ka Goronyo wajen masunta, ka ji ta bakinsu.