Ƙiba da jinkirin haihuwa: abin da muka gani a jikinmu

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na yi jiki al'adata ta rikice, sai ta yi watanni ba ta zo ba, ga gashi ya fara tsiro mini a haɓa. Likita ta ce PCOS ne, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwan haihuwa fita a kan kari, in rage nauyi kafin a zo maganar maganin haihuwa. Don Allah me ya haɗa teɓa da mahaifa?

Ma'aikaciyar jinya, Makka: Ƙanwata, ki riƙe maganar likitarki. Kitse da kansa yana zuba sinadarai cikin jini. Akwai leptin, wanda aka gano a 1994 a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da jiki ya tara. In kitse ya yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon, mutum ya tashi da farantin kabsa bai ji ya ƙoshi ba. Kitsen yana ƙara estrogen, sinadarin mata, insulin mai daidaita sukarin jini ma ya hau, sai ƙwan haihuwa ya kasa fita. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan dawo wa mata da yawa da al'adarsu.

Maman 'yan biyu, Madina: Haka aka yi da ni. Na bar lemon kwalba da shayi mai sukari, ina takawa bayan isha'i in zafi ya yi sauƙi. Amma 'yar uwa, yunwar da ke biyo bayan rama ba wasa ba ce. Tsakar dare na kan tsinci kaina gaban firij, hannuna na rawa kan ragowar tamis. Likitata ta ce leptin ne ya sauka, jiki na neman maido da abin da ya rasa, har yana rage ƙona abinci. Ta ce in yawaita ƙwai, ful (wake) da ganye. Al'ada ta daidaita tun ban kai nauyin da nake buri ba, daga baya Allah Ya kawo rabo.

Wata 'yar uwa, Riyad: Ni rama ce ta ɗauke mini tawa. Aikin gida ba hutu, abinci sai a tsaye. Aka ce kitsena ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta dakatar da fitar ƙwai. Da na samu ci na murmure, ta dawo.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Anti, shi maigida fa? Shi ma yana da teɓa.

Ma'aikaciyar jinya: Ku je tare a gwada shi. Ƙiba na rage wa namiji testosterone, sinadarin maza, tana iya taɓa maniyyi ma.