Saƙon ta'aziyyar da ya tayar da muhawara a kan Hausa

Malam Umaru:
Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan uwa, akwai abin da na daɗe ina haɗiyewa, amma yau ya kai ni maƙura, kuma ina roƙon kowa ya karanta har ƙarshe kafin ya ce uffan. Kun san an yi mini rashin yayana a Runjin Sambo, nan cikin Sakkwato, makon jiya, ina kuma ƙara godiya ga duk wanda ya tako ko ya kira. A cikin saƙonnin da suka shigo wayata akwai na wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa karatu da rubutu, yanzu kuma yana jami'a. Ga abin da ya rubuto, harafi da harafi: "Slm mlm ykk, y hkr, Allah y jqnsa." Na sa tabarau na duba, na sake dubawa, ban gane ba, sai da jikata ta zo ta warware mini cewa sallama ce da gaisuwa da addu'a. A ce mutum yana cikin zaman makoki, amma wanda ya tarbiyyantar ya kasa ba shi cikakkiyar sallama, ya kasa rubuta wa mamaci "Allah ya jiƙansa" da haruffanta? Wannan Hausar 'yan tasha ce, kuma ta cika wayoyin 'ya'yanmu. Ina kira da mu koma ga daidaitacciyar Hausa a duk abin da za mu rubuta, mu kuma tilasta wa na ƙasa da mu.

Hajiya Luba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya, ya ba ku haƙurin rashinsa. Amma Malam, da girmanka da iliminka, kalmar nan "daidaitacciya" ta tsaya mini a rai. Idan akwai daidaitacciya, to akwai karkatacciya ke nan, kuma mun san wadda ake nufi. Jikana ya rubuta "munka tahi" a littafinsa na makaranta, aka zagaye shi da jan biro aka rubuta "muka tafi" a sama, yaron ya dawo gida yana gaya mini wai ni ban iya Hausa ba. A Gidan Igwai aka haife ni, da "shina zuwa" da "biyat" aka raine ni, haka uwata ta yi magana har ta koma ga Mahaliccinta. Wa ya auna tamu ya ga ta karkace?

Alhaji Sani:
Hajiya, ki yi haƙuri, babu wanda ya ce taku ta karkace, amma ita gaskiya ɗaya ce. Na daɗe ina kasuwanci a garin nan, 'ya'yana duk nan aka haife su, ba ni da abin faɗa a kan Sakkwatawa sai alheri. Sai dai idan aka kunna rediyo, ko BBC ce da ta fara shirin Hausa tun 1957 ko wata, da Hausarmu ta Kano ake karanta labarai, domin ita kowa ke ganewa daga Agadas har Kumasi. Abin da duniya ta riga ta zaɓa ba a jayayya da shi.

Hajiya Luba:
Alhaji, duniya ba ta zaɓa ba, Turawa ne suka zaɓa, kuma ba su tambayi kowa a ƙasar Sakkwato ba.

Malama Saratu:
Ina yi wa Malam ta'aziyya. Ina ganin iyayena biyu kowa ya riƙe gefe ɗaya na maganar, don haka bari in faɗi abin da muke koyarwa a aji. Rubutun boko na Hausa an fara shimfiɗa masa ƙa'idoji tun 1912, lokacin da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutu. Daga baya aikin ya koma Zariya a hannun Rupert East da malaman da suka yi aiki tare da shi, kuma a shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zauna da gindinsu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ita ta kai wannan salon rubutu lungu da saƙo, sannan aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 don ta ci gaba da kula da shi. Gaskiya ne an fi jingina da karin Kano, amma daidaitawa yarjejeniya ce ta yadda za a rubuta domin littafi ɗaya ya karantu a ko'ina, ba hukunci ba ne a kan wanda ya fi iya magana. Ƙamusun Bargery na 1934 ma ya tattaro kalmomin Sakkwato da na Katsina ya sa musu alama, bai jefar da su ba. Malamin da ya sa yaro ya raina harshen kakarsa bai yi aikinsa daidai ba, ko da gyaran da ya yi a takarda yana bisa ƙa'ida.

Alhaji Sani:
To kun ji. Malama da kanta ta ce an jingina da Kano.

Hajiya Luba:
Kuma ta ce a 1912 aka fara. Kafin nan fa? Nana Asma'u ta rasu a 1864, ta kuwa bar waƙoƙi da Hausa a rubuce da ajami, jajojinta, wato matan da ta horar su koyar, suna ɗaukar su suna kai wa mata a ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Ɗan'uwanta Isan Kware shi ma ya yi nasa da Hausa. A nan aka rubuta Hausa ta karantar da addini tun ba a san boko ba, yau kuma a zo a ce mu ne za mu koyi daidai daga wani wuri.

Alhaji Sani:
Hajiya, ai gidan Shehu da Fillanci da Larabci suka fi rubutu, Hausar ta biyo baya ne don talakawa su gane.

Malam Isa:
Alhaji Sani, ka janye wannan. Ban ce ka yi ƙarya ba, domin kowa ya san sun yi rubutu da harsuna uku, amma yadda ka kawo ta akwai ƙanshin rage daraja, kuma ba a yi wa gidan Mujaddadi haka a garin da Hubbarensa yake. Wanda ya zauna ya tsara waƙa da harshe, da ma'auninta da amsa-amonta, har mata suka haddace ta suka gadar wa jikokinsu, ba za a ce masa baƙo a harshen ba.

Alhaji Sani:
Allah gafarta Malam, Allah ya kiyaye ni da taɓa gidan Shehu. Abin da nake nufi daban, amma tunda an ɗauke shi haka, na bar shi.

Nasiru:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar kalmar da kowa ya tsallake. Baba Malam ya ce Hausar 'yan tasha. Ni direba ne, hanyar Illela nake bi, a tasha nake wuni, a nan nake samun abin da nake ciyar da iyalina. Mu a tasha ba mu san "ykk" ba, yawancinmu saƙon murya muke turawa, kuma idan muka yi sallama cikakkiya muke yi. Fasinjan da nake ɗaukowa daga iyakar Ƙonni, idan ya buɗe baki ya ce "mi kac ce", Hausa ce tsantsa wadda babu Turanci ko ɗaya a cikinta. Wanda ya rubuto wa Baba wannan saƙo ɗan jami'a ne, Baba da kansa ya faɗa. Me ya sa laifin ɗan boko za a ɗora wa ɗan tasha?

Malam Umaru:
Nasiru, ba kai nake nufi ba, magana ce da aka saba faɗa.

Nasiru:
Sabawar ce take yi mana ciwo, Baba.

Bashar:
Ina neman izinin iyayena in ce wani abu, tunda mu ake magana a kai kuma babu wanda ya tambaye mu. Wannan taƙaita kalmomi ba daga raini ya samo asali ba. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon tes guda haruffa 160 ne, idan ka wuce ko da ɗaya sai a caje ka kuɗin biyu, don haka yayyenmu suka koyi cire wasula, "lafiya" ta koma "lfy", "na gode" ta koma "ngd". Wayoyin wancan lokaci kuma ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa aka ari "q" ta tsaya a madadin ƙ, don a bambanta "ƙasa" da "kasa". Har yau ma, idan ka sa harafi mai ƙugiya a saƙon tes, adadin da aka ba ka yakan sauka zuwa 70. Na yarda cewa a WhatsApp wannan dalili ya kau, saura sabo, kuma na yarda ta'aziyya ba wurin taƙaitawa ba ce. Amma mafi yawan manyan da ke rubutu a nan suna haɗe "yace" da "nagode" da "dasu", ba sa sa ƙugiya ko ɗaya, har sai mai karatu ya yi ta lalube kafin ya gane "baki" ake nufi ko "baƙi". Idan ƙa'ida za a bi, ita ma wannan karya ƙa'ida ce.

Alhaji Buhari:
Bashar, ka iya bakinka. Ba a jera kurakuran manya a bainar jama'a, ko da kana da hujja. Mahaifinka yana cikin masu karanta wannan.

Bashar:
Kawu, ban ambaci sunan kowa ba.

Alhaji Buhari:
Ba sai ka ambata ba. Irin wannan amsa ita ce ainihin abin da Malam Umaru yake kuka da shi.

Malama Saratu:
Ranka ya daɗe, a yi wa yaron adalci, abin da ya faɗa game da raba kalmomi gaskiya ne, shi ne kuma abin da ya fi kayar da ɗalibai a jarrabawar Hausa a ajin da nake koyarwa, fiye da "munka" da "sunka". Yanzu manhajar Gboard tana da allon rubutu na Hausa, duk mai babbar waya zai iya sa shi cikin minti kaɗan ya samu haruffan nan.

Hajiya Luba:
Allon nan da "muka" ya san Hausa ko da "munka"? Idan na rubuta tawa ya ja mata jan layi a ƙasa, to shi ma ɗan Kano ne.

Malam Isa:
Ni abin da ya fi tsaya mini a saƙon yaron shi ne sallamar. Sallama addu'a ce, kuma haruffa uku ba su ɗauke da ma'anar aminci ga kowa. Amma kada mu tsaya kan yara kawai, domin manya da yawa, har da masu wa'azi, suna rubuta "S.A.W." bayan sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, alhali malaman hadisi tun da can sun karhanta taƙaita salati a rubutu. Haka "wlh" da ake watsawa a kowane layi, rantsuwa ce da sunan Allah, ko an cire mata wasula tana nan a matsayin rantsuwa.

Alhaji Sani:
A nan ina tare da Malam ɗari bisa ɗari. Amma ina so a rubuta cewa tambayata ba a amsa ta ba: idan ɗan Sakkwato zai rubuta wa ɗan Bauci takardar ciniki, da wace Hausa zai rubuta?

Hajiya Luba:
Da wadda makaɗan fada na Gobir da Zamfara suka yi waƙa da ita, Kanawa suka saya suka haddace ba tare da tafinta ba.

Malam Umaru:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kawo kukan yayana da aka yi wa addu'a da guntayen haruffa, an mayar da shi rigimar Kano da Sakkwato. Ban ce komai a kan karin harshen kowa ba, ni ma da "lahiya lau" nake amsa gaisuwa a ƙofar gidana. Da yaron ya rubuto mini ta'aziyyar nan da Sakkwatanci tsantsa, cikakkiya, da na ji sanyi a raina. In ban da Malam Isa, babu wanda ya tsaya a kan abin da na faɗa. Idan haka za a ci gaba, gara in yi shiru in bar muku wurin.

Alhaji Buhari:
Malam, kada ka tafi, kai ne babba a nan. A matsayina na wanda aka ɗora wa kula da wannan zaure, bari in tattara abin da aka cimma domin a rufe. Na farko, jama'a sun gamsu cewa Sakkwatanci Hausa ce ta asali wadda aka rubuta ilimi da ita tun zamanin Shehu da 'ya'yansa, kuma bayanin Malama Saratu ya tabbatar da cewa abin da ake kira daidaitacciya zaɓin Turawa ne a Zariya, don haka babu wanda zai sake gyara wa wani "munka" a nan. Hajiya Luba ta kare mana mutunci, Allah ya saka mata. Na biyu, Alhaji Sani ya janye maganarsa, mun kuma karɓa. Na uku, taƙaita kalmomi rashin tarbiyya ne na yaran zamani, kamar yadda Malam Umaru da Malam Isa suka nuna, kuma dogon bayanin Bashar bai canza komai ba tunda shi da bakinsa ya yarda dalilin ya kau. Daga yau duk saƙon da aka taƙaita sallama ko sunan Allah a cikinsa zan goge shi. Maganar tasha kuma Malam ya riga ya ce ba da kowa yake ba, ta wuce.

Malama Saratu:
Ranka ya daɗe, ban ce zaɓin Turawa ne kawai ba, malamanmu Hausawa sun yi aikin tare da su, kuma ni da ita nake koyarwa gobe da safe.

Alhaji Sani:
Ni ma magana ɗaya na janye, ta gidan Shehu. Ta takardar ciniki tana nan, ina jiran amsa.